Wai da gaske malt da madara na ƙara jini?

Manomin Riɗi: Slm jama'ar guruf barkanmu da hantsi. Dan Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ina da tambaya. Mai ɗakina na da juna biyu, ta je awo aka ɗibi jininta aka ce ya yi ƙasa, sun rubuta mata 27 a kati suka ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi, ja da kuma mai ruwan ɗorawa. To ita ta ce jar tana tayar mata da zuciya kuma bayan gidanta ya koma baƙi wuluk, sai ta ajiye. Ni kuma sai na shiga siyo mata malt da madarar gwangwani kullum da yamma tana haɗawa tana sha tunda kowa ya san shi ke ƙara jini. Yanzu an koma awo wai jinin bai motsa ba. Kuɗi na ta tafiya a wannan marra kuma ba biyan buƙata. Ina matsalar take?

Mai Shayi: Wslm. Gwangwani ɗaya ai ya yi kaɗan malam, ka mayar da shi biyu ka ga aiki. In ka shigo tasha ka biyo ta teburina akwai mai kyau.

Uwar Biyu: Kai Mai Shayi kai dai ciniki kawai 😂 Ƙanina a dafa mata zoɓo mai kauri, ka ga kalarsa ma ai jini ne sak. Ni shi na sha lokacin ƴan biyu.

Baba Mai Goro: Ku yaran zamani komai sai na kanti. Iyayenku fura da nono suka sha suka haife ku lafiya lau. In ta yi laushi ne a kai ta kemis a sa mata ruwa leda biyu za ta miƙe.

Malamin Asibiti: Wa alaikumus salam. Ƙanina kafin a je ko'ina ta koma kan ƙwayar nan yau ɗin nan. Baƙin bayan gida ba ciwo ba ne, ragowar sinadarin ƙarfen ne da hanji bai tsotse ba yake fita, duk wanda ya sha jar ƙwayar sai ya ga haka. Tashin zuciya kuma ta gwada shan ta bayan ta ɗan sa wani abu a ciki ko da dare in za ta kwanta, in ya ƙi ta koma wajen awo ta faɗa musu, akwai wata iri da za a iya canza mata. PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, 27 ga mai ciki ya yi ƙasa, ana so ya kai 33 ko ya wuce. Shi malt ruwa ne da suga sai ɗan bitamin, madara kuwa abinci ce mai kyau ba musu, akwai furotin akwai kalsiyam na ƙashi, amma ƙarfen da ake haɗa jini da shi kusan babu a cikinta. Ka ga kana ta zuba kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Manomin Riɗi: Ikon Allah. To malam ni na ɗauka abin da mutum ya sha shi ke wucewa ya zama jini ai.

Malamin Asibiti: Ba a ciki ake haɗa jini ba, a ɓargo ake yin sa, cikin ƙashi. Jajayen ƙwayoyin jini kowacce kwana 120 take yi tana aiki sai ta tsufa, saifa da hanta su kwashe ta su farfasa, a cire ƙarfen da ke cikinta a mayar wa ɓargo ya sake amfani da shi. Ɓargon babban mutum na fitar da sababbi wajen miliyan 2 a duk daƙiƙa ɗaya, dare da rana ba hutu. Kuma ba zai iya ba sai an kai masa kayan aiki, ƙarfe da folik asid wato ita ƙwayar mai ruwan ɗorawa, da bitamin B12 da furotin. Duk ƙarfen da ke jikin mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba amma in ya yi ƙaranci komai sai ya tsaya cak. Mai ciki kuma jininta ƙaruwa yake da kusan rabi saboda abin da ke cikinta shi ma a jikinta yake ɗiban nasa, shi ya sa buƙatarta ta fi taka nesa ba kusa ba, kai miligiram 8 a rana ya ishe ka, ita sai wajen 27.

Ɗan Sarkin Fawa: Tsaya tsaya likita, ɓargo dai wanda ake buga ƙashi a tsotse? Ai shi fari ne, mai ne zalla, ina ya ga jini

Malamin Asibiti: Ranka ya daɗe Sarkin Fawa na gobe, wancan na dogon ƙashin ƙafa ne, da dabba ko mutum ya girma yawancinsa kitse yake komawa. Ka tuna in ka sara haƙarƙari ko ƙashin baya ko na ƙugu me kake gani a ciki?

Ɗan Sarkin Fawa: Wlh ja ne, huda huda haka, in ka matsa da wuƙa har ɗan jini jini yake fitowa. Kullum ina gani a kan gungume ban taɓa kawo komai a raina ba.

Malamin Asibiti: To nan ne wurin.

Uwar Biyu: Malam ba ka ce komai a kan zoɓona ba fa

Malamin Asibiti: Yaya zoɓo abin sha ne mai kyau in ba a cika masa suga ba, amma jan da ke jikinsa kalar fure ce, jan jini kuma daga ƙarfe ne da ke cikin himogulobin, wato furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ba dangin iya ba na baba. Kalar da kika sha ma ba ta kai wa ɓargo.

Ɗalibin Dutse: In admin ya ba ni dama in ɗan ƙara a kan maganar malam, don tambayar da yaya ya yi ta biyu ita ce gindin abin. Yawancin abinci ba ya shiga jini a yadda aka haɗiye shi. Ɗauki lomar tuwon dawa da miyar kuka. Tun a baki yawu ke fara narkar da sitacin tuwon, shi ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa za ka ji ta fara zaƙi zaƙi. Ta gangara tumbi, can akwai ruwan asid mai ƙarfin gaske da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa ya kuma fara warware furotin, na daddawa ko na naman da ke miyar in Allah ya sa akwai. Bayan ƴan awanni tumbi ya riƙa sakin abin kaɗan kaɗan zuwa ƙaramin hanji, shi ne mai tsawon wajen mita 6, a nan ne ainihin aikin yake. Matsarmama ta tsiyayo ruwanta a kan man da ke cikin abincin ya tarwatse ƙanana, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi ana ce mata fankiriyas ita ma ta zubo nata sinadaran narkarwa, sitaci ya koma gulukos wato sugan da ke shiga jini, furotin ya koma ƴan gutsattsarin da ake kira amino asid, mai ya koma nasa ƙananan. Sai a lokacin bangon hanji zai iya tsotsa. Abin da bai narku ba ya wuce babban hanji mai kamar mita 1 da rabi, a tsotse ruwan jikinsa sauran ya fita.

Baba Mai Goro: Yaro wannan karatu naka ya yi tsawo, ni dai na san in na ci na ƙoshi shi ke nan.

Admin: Baba a bar shi ya ƙarasa, muna ƙaruwa.

Ɗan Sarkin Fawa: Maganar matsarmama gaskiya ce kam, tana nan manne a jikin hanta ƴar jaka koriya, in yaro sabon shiga ya kuskura wuƙa ta huda ta to ranar sai an yi faɗa don duk inda ruwan ya taɓa ɗaci ne, wanki ba ya fitar da shi duka. Kuma in ka juya tumbin sa ka wanke cikinsa kamar tawul yake, gashi gashi. Na mutum ma haka yake?

Ɗalibin Dutse: Tumbinmu ba haka yake ba yaya, sa da akuya da tunkiya nasu ɗaki 4 ne kuma akwai ƙananan halittu a ciki da ke narkar musu da ciyawa da harawa, mu namu ɗaya ne tal shi ya sa ba ma iya rayuwa da ciyawa. Amma wannan gashi gashin muna da irinsa a ƙaramin hanji, ƙanana sosai da kyar ido ke gani, miliyoyi, kowanne da jijiyar jini a cikinsa, su ke tsotsar abincin. Yaron da gudawa ta daɗe tana damunsa su ne ke lalacewa, sai ka ga ana ba shi abinci yana ci amma yana ta ramewa, a ce maita ce ko an yi masa baki alhali hanjin ne ya kasa ɗauka.

Anti Ungozoma: Wannan magana ta ƙarshe a rubuta ta da manyan baƙi. Sau nawa ake kawo mana yaro an gama yawon gidan masu magani sai da ƙafa ta kumbura gashi ya yi ja, a sa masa tef a dantse ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11 da rabi. Tamowa ce fa ba wani iska.

Malamin Asibiti: Bari in ɗora daga inda ɗalibi ya tsaya don akwai tashar da mutane ba su sani ba. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji ba ya wucewa jiki kai tsaye, wata babbar jijiya ce ke kai shi hanta tukuna. Hanta ta ajiye wani kaso na suga, wajen giram 100 take iya riƙewa, shi take saki a hankali cikin dare ko da azumi don kar mutum ya faɗi. Ita ke ajiye ƙarfe da bitamin A da B12, ita ke haɗa furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya, wanda in ya yi ƙaranci ruwan ke tsiyayewa ƙafa da ciki su kumbura irin yaran da anti ta faɗa. Ita ce kuma ke fama da duk wani magani ko jiƙo da mutum ya ɗura wa kansa. Shi mai kuwa yawancinsa wata hanyar yake bi daban kafin ya faɗa jini. Daga nan zuciya ta harba, jinin babban mutum wajen lita 5 ne kuma a zaune ma kusan duka yake zagayowa cikin minti ɗaya. Ya bi ta huhu ya ɗauko oksijin, kuma himogulobin ɗin nan mai ƙarfe shi ne ke ɗaukowa. Kowace tsoka sai ta haɗa gulukos da oksijin sannan ƙarfi ke fitowa. To mai ƙarancin jini ko ta ci tuwo malmala uku gulukos ya isa amma mai kawo iskar ya yi kaɗan, shi ya sa za ka ga tana haki daga ɗan jan guga, jiri, zuciya na bugawa fat fat don tana ƙoƙarin cike gurbi da gudu.

Manomin Riɗi: Wallahi kamar kana gidan, ko tsakar gida ta share sai ta zauna tana maida numfashi. Ni na ɗauka nauyin ciki ne kawai.

Anti Ungozoma: Ɗana ka ja fatar idonta ta ƙasa ka duba, da tafin hannu da harshe, in sun yi fari fat kar ka jira ranar awo. In ta fara haki tana zaune ko ƙafa da fuska suka kumbura ko ciwon kai mai tsanani, a nemi mota ko da dare ne. Abin da muke tsoro ranar haihuwa ne, jinin da mai ƙoshin jini za ta zubar ta tashi ta yi wanka, ita mai 27 shi zai iya kayar da ita. Sannan tambaya, tana cin farar ƙasa?

Manomin Riɗi: Anti kamar kin sani, har a ƙarƙashin filo na taɓa gani

Anti Ungozoma: Na sani ai. Kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara yawanci alamar ƙarancin ƙarfen ne da kansa, kuma ita ƙasar in ta shiga hanji riƙe ɗan ƙarfen da ke abinci take yi su fice tare, ga ƙwan tsutsa da za a iya haɗiya. Ka raba ta da ita cikin lallami ba da faɗa ba, in jinin ya ƙaru kwaɗayin kan ragu da kansa.

Baba Mai Goro: To ni maganata ta ƙarin ruwa fa, an share ni. Ni da idona na ga mutum an kawo shi ranga ranga aka sa masa leda biyu ya tashi yana neman fura.

Malamin Asibiti: Allah ya ba ka haƙuri Baba ba share ka aka yi ba. Wanda ka gani ƙila amai da gudawa ne suka ƙarar masa da ruwan jiki, wannan kam ruwa ne maganinsa kuma yana ceton rai. Amma ledar nan ta rabin lita ko dai ruwa da gishiri ce, ko ruwa da suga giram 25, cokali biyu ke nan na cin abinci, ƙwallon fura ɗaya ya fi ta abinci. Babu ƙarfe ko ɗigo a ciki. Wanda ake zuba wa allura ya koma ruwan ɗorawa ana cewa mai ƙarfi ne, bitamin B ne kawai ya rina shi. Kuma mai ƙarancin jini sosai zuciyarta dama a gajiye take, ka ɗura mata ruwa da sauri a kemis ruwan na iya taruwa a huhu. Dan Allah a daina wannan.

Baba Mai Goro: To Allah ya kyauta. Mu dai da haka muka saba gani.

Uwar Biyu: To malam a faɗa mana abin da za a ci mana, na talaka fa, kar a ce mana kaza da kifin gwangwani

Malamin Asibiti: Yaya ƙarfe iri biyu ne a abinci. Na jikin nama da hanta da kifi hanji na ɗaukarsa da sauƙi. Na tsiro kuma, wake, waken suya wato awara, zogale, rama, alayyahu, kuka, riɗi, gero shi kansa, akwai shi amma kaɗan hanji ke iya ɗauka, wani lokacin ko kashi 5 cikin 100 ba ya kaiwa, ya danganta da abin da aka haɗa shi da shi. Bitamin C na buɗe masa hanya, wato a matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, a yanka ɗanyen tumatir, a ci gwaiba ko lemon zaƙi ko mangwaro a kan abinci, gwaiba ma ta fi lemo bitamin C. Ɗan nama ko kifi ko yaya yake a cikin miya yana taimaka wa na ganyen ya shiga. Sannan a dusar hatsi akwai wani sinadari da ke ƙulle ƙarfe, jiƙa gero ya kwana ya yi tsami irin na koko yana rage shi sosai, iyayenmu sun iya abinsu. Abin da ke toshe hanya kuma babba shi ne shayi a kan abinci.

Mai Shayi: A'a a'a likita tsaya nan. Me shayi ya yi maka? Duk garin nan wa bai karya da shayi da burodi ba, kuma ga mu nan garau

Malamin Asibiti: 😂 Ban ce a daina ba mai gida. Ganyen shayi na da wani abu da ake kira tanin, shi ne wannan ɗan bauri da kake ji in ya yi kauri, in ya haɗu da ƙarfen tsiro a cikin hanji sai ya kama shi ya hana a tsotsa, kofi ɗaya a kan abinci na iya rage fiye da rabi. Kai namiji ba ka zubar da jini duk wata ba ka ɗauke da ciki, ba za ka ji a jikinka ba. Ita mai ciki ta bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin abinci da shayi, kuma kar ta kora jar ƙwayar da shayi ko madara, ruwa kawai ko ruwan lemo. Ita ma madarar kalsiyam ɗinta na gogayya da ƙarfe wajen shiga.

Mai Shayi: To a zo a sha bayan awa biyu ɗin ina nan har sha ɗayan dare

Ɗan Sarkin Fawa: Ni kuma hanta da saifa na nan da safe kafin masu tsire su kwashe, ba talla nake ba 😎

Anti Ungozoma: Hanta na da kyau amma mai ciki kar ta mayar da ita abincin kullum, bitamin A ɗin cikinta ya yi yawa, in ya taru yana iya taɓa ɗan tayi musamman watannin farko. Ɗan yanki jefi jefi ya isa. Kuma tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke ci mini rai ko za a ji haushi. A gidajenmu in an yi miya tsoka biyu ce a tukunya, duka kwanon mai gida ake sa wa, ya fita da shi zaure su ci da abokai, matar da ke ɗauke da ciki ko take shayarwa ita ce ta ƙarshe, ƙanzo da romo. Ƙwan zabi da na kaji a tara a kai kasuwar Gujungu a sayar a siyo lemon kwalba. Riɗi da wake a auna wa ƴan kasuwa duka tun kaka ba a bar ko tiya biyar na gida ba. Ba rashi ne kaɗai ke damunmu ba, rabon ne ba daidai ba.

Baba Mai Goro: Hajiya a bi mu a hankali, girmama mai gida ai tarbiyya ce ba zalunci ba. Su matan ne ma ke sa mana da kansu ko ka ce a bari.

Uwar Biyu: Baba da girmanka, in mutum ya mayar da kwanon da tsokar a ciki ya ce ke ci, sau biyu kawai, za ta daina sa masa ai. Wa ya taɓa mayarwa?

Admin: Jama'a a tsaya kan batu dan Allah kar a koma rikicin maza da mata irin na wancan satin.

Ɗalibin Dutse: Ƙarin bayani kan wake, furotin ɗin gero da dawa akwai amino asid ɗaya da ya yi musu ƙaranci, wake kuma yana da shi da yawa, shi ma waken akwai wanda ya rasa hatsi na da shi. Shi ya sa dawa da wake ko shinkafa da wake ko tuwo da miyar wake ko kunun gyaɗa suka fi tuwo da miya lami. Kuma zogale da karas da kabewa bitamin A ɗinsu sai da ɗan mai yake shiga jiki, ƙuli ƙulin da ake sa wa kwaɗo ba don daɗi kawai ba ne. Rashinsa ke kawo dundumi, mutum ya kasa gani da magariba.

Malamin Asibiti: Haka ne. Amma kar a manta da ɓarayin jini, don ko an ci mai kyau in ana zuba ta wani gefe aikin banza ne. Na ɗaya maleriya, ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta hayayyafa ta fasa su, shi ya sa da damina zuwa kaka muke cika da yara masu fararen idanu, musamman ƙauyukan da ke bakin fadama ta wajen Auyo da Hadeja inda ruwa ke kwanciya. Mai ciki ta kwana a gidan sauro kuma ta karɓi ƙwayoyi ukun nan na rigakafi da ake ba su a wajen awo bayan wata uku na farko. Na biyu tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi a inda ake bahaya a fili, tana kafa baki a bangon hanji tana shan jini a hankali shekara da shekaru. Na uku tsargiya ga masu shiga ruwan kududdufi da na noman rani. Sai haihuwa kusa kusa, jiki bai mayar da abin da ya kashe ba an sake ɗaukar wani.

Uwar Biyu: Malam kunun kanwa fa, mu dai an ce shi ke gyara mai jego ya kawo ruwan nono

Malamin Asibiti: Nan kam za mu ɓata da iyaye mata. Geron da ruwan da ke cikin kunun su ne masu amfani, kanwar gishiri ce mai yawa. Ƙoda biyun nan na tace ruwan jini wajen lita 180 a rana su mayar da kusan duka, fitsari lita 1 da rabi kawai ke fita, su ne ke daidaita gishiri da ruwa a jiki. In gishiri ya yi yawa jiki sai ya riƙe ruwa, jini ya hau, zuciyar da ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba a ƙara mata kaya, ga wankan tafasasshen ruwa safe da yamma. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Hausa suka kuma ambaci kanwa da zafin nan cikin abin da suke zargi. Ko a girki ma kanwar da ake zuba wa wake da ganye don su yi saurin nuna tana kashe bitamin C da wani ɓangare na B. A jiƙa waken tun dare ya fi. Af na manta, ita ƙodar ce ma ke aika wa ɓargo saƙo da wani sinadari cewa a ƙara yin jini in ta ji oksijin ya ragu, shi ya sa masu ciwon ƙoda da yawa za ka same su da ƙarancin jini.

Uwar Biyu: Tab, ka zo ka faɗa wa surukata wannan da bakinka, ni ba ruwana

Anti Ungozoma: Ba a cewa tsohuwa ki daina, ba za ta ji ba. Ni ce musu nake a rage kanwar ta zama ɗan ɗanɗano, a sirka ruwan wankan har uwar da kanta ta iya sa gwiwar hannu a ciki, a ƙara gyaɗa a kunun. Da haka da haka ake cin su. In ka zo da tsawa sai su yi a ɓoye.

Baba Mai Goro: To goro fa malam, shi ma za a ce yana da laifi ko

Malamin Asibiti: Baba goro na da irin baurin nan na shayi kuma yana da sinadarin da ke hana barci ya sa zuciya sauri, ga shi yana kashe yunwa mutum ya wuni bai ci abin kirki ba. Kai ka ci abinka daidai misali in hawan jini bai kama ka ba, mai ciki dai ta rage. Bari in tashi an kawo yaro da zazzaɓi, wanda ke da sauran tambaya ya ajiye zan duba bayan la'asar.

Mai Shayi: Ni tawa ita ce shayin citta da kanumfari wanda ba ganye a ciki shi ma sai an jira awa biyun?

Ɗalibin Dutse: In dai ba ka jefa ganyen shayin a tukunyar ba wannan da sauƙi, amma fa na ga yadda kake yi, cittar ma a cikin baƙin ruwan kake dafa ta.